Likitan makaranta na bukatar taimakon iyaye

Yara da yawa na ƙauyukan Adar, kamar Barmu, Afala da Takanamat, suna zuwa Tawa karatun kwaleji. Idan ɗayansu bai da lafiya, wurin mai jinyar makaranta ake kai shi. Yara na ce mishi likita.

Aikin nan akwai wuya. Ana buɗe makaranta watan Oktoba, lokacin da masassarar sauro ta yi yawa. Masu ciwo su taru, magani ya kasa. Da rani kuma ga sanƙarau: zafin jiki, ciwon kai, wuya ya ƙage. Ciwo ne mai saurin kisa. A 2015 har rufe makarantun Yamai aka yi saboda shi. Wannan ya fi ƙarfin likitan makaranta, sai babban asibitin Tawa.

Nan wahalar take. Uba ya tafi biɗa Abijan, uwa tana ƙauye. Wa za a nema? Wa zai sayi magani?

Don haka, kafin uba ya yi tafiya, ya gwada wa makaranta mai masaukin ɗanshi. Ya bar kuɗin magani da takardar rigakafi. Yaron da jikinshi ya yi zafi kada ya kwana bai ga likita ba.