Ƙauyen da bangonsa ke shan ruwa

A wannan ƙauye na bakin kogin Haɗeja, ba sai an ɗaga kai sama ake sanin marka ta kankama ba. Daga shigowar watan Agusta, duk ɗakin da ka ɗaga labulensa warin danshi ne zai tare ka, ko da uwar ɗakin ta turara shi tun da asuba. Gindin bango ya yi baƙi har gwiwa, wani wurin har ƙugu, daga sama kuma wani farin gari yana ta zuba. Gishirin ƙasa ne da ruwa ya hau da shi, ya bushe ya bar shi nan.

Ruwa a kusa yake a wannan yanki, mai haƙar rijiya ba ya wahala kafin ya same shi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta canja. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ruwan da ya rasa hanya kuwa sai ya kwanta a gonaki da bayan gari. Bayan ambaliyar 2022, an daɗe da janyewar ruwa amma ƙasar ɗakuna ba ta bushe ba. Bangon da ke tsaye kan irin wannan ƙasa yana jan ruwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir, na tubali ne ko na bulo.

Tsofaffin magina sun san da haka. Sukan ɗaga tushe, su yi wa gindin bango dakali, su sa indararo mai tsawo don ruwan soro ya faɗi nesa da gini. Yaɓen waje da makuba ake yi, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, masu hali kuma su sa laso da ake haɗawa da katsin marina. Sannan kowace bazara, kafin ruwan fari, sai an hau soro an toshe tsaga, an sabunta yaɓe. Yau wannan aikin ya ja baya. Samari sun tafi cin rani, itatuwan ɗorawa sun ragu, siminti kuma ya zama alamar rufin asiri.

Nan ne gizo ke saƙa. Idan aka shafe bangon ƙasa da siminti ciki da waje, ruwan da ya hau daga tushe ba shi da mafita. Sai ya taru a ciki, laka ta yi laushi, filastar ta kumbura ta rabu da bango. Ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, za ka ji ƙarar rami. Wata rana da tsakar dare sai ta zubo gaba ɗaya, wani lokaci har da bangon. Hatta masu ginin bulo, kaɗan ne ke shimfiɗa leda mai kauri a kan tushe kafin su ɗora, alhali kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Tun ran gini ran zane.

Rufin kwano ma da nasa. Da dare kwano kan yi sanyi da sauri. Numfashin mutum shida ko bakwai da ke kwance a ɗaki ɗaya, da tururin tukunyar da aka shigo da ita saboda ruwa ya hana girki a tsakar gida, da jiƙaƙƙen wankin da aka rataya a igiya, duk suna tashi su haɗu da kwanon, su koma ɗigo. Da safe maigida ya ɗauka yoyo ne, ya hau neman huda, bai samu ba. Taga kuwa guda ɗaya ce, ƙarama, an toshe ta da tsumma saboda sauro da sanyi.

Wahalar ta fi sauka a kan mata. Da rana ta ɗan leƙo, sai kowane gida ya fito da kayansa. Wata amarya ta janye sif daga jikin bango, sai ga bayansa ya yi fumfuna, atamfofin lefenta sun yi tabo baƙi-baƙi tun ba a ɗinka su ba. Ta ɗaga ledar ɗaki, daɓen ƙasa sharkaf, katifar da ke kai ta yi nauyi. Kwana ɗaya zuwa biyu ya isa fumfuna ta kama abin da ya jiƙe bai bushe ba, marka kuwa takan yi kwanaki rana ba ta fito sosai ba.

Asarar ba ta tsaya kan kaya ba. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gida, inda ta danganta su da tari, da shessheƙar ƙirji, da tsanantar asma. A ƙauyen, idan yaro ya kwana yana tari sai a ce sanyi ne ya kama shi, a sayo magani, a mayar da shi kan katifar nan dai. Haka buhun gyaɗa ko masara da aka jingina da jiƙaƙƙen bango: fumfunar da ke kama su na iya fitar da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ba banza kakanni suka ɗora rumbu a kan duwatsu ba.

Wasu gyare-gyaren ba sa cin kuɗi: a raba sif da bango da tazarar tafin hannu, a ɗora katifa da buhuna kan katako, a buɗe taga da ƙofa da hantsi, a sa ragar sauro maimakon tsumma. Amma babban aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Rariyar wani gida a gindin bangon maƙwabci take zuba, kwatar unguwa ta cike da leda, kududdufin da ke karɓar ruwa an cike shi an yi fuloti. Wannan sai mai unguwa ya kira gayya, yashe hanyoyin kogi kuma sai hukuma. Lokacin yin su duka shi ne rani, sa'ad da ƙasa ke bushe kuma hannu bai shiga gona ba. Wanda ya bari sai hadari ya haɗo, shanyar katifa kawai ta rage masa.