Shawarar sana'a tsakanin abokai: ta wa ce?

Ga wata magana da ke raba abokai cikin garuruwanmu.

A ce abokai biyu suna hira gindin bedi. Guda ya ce: "Garinmu babu injin niƙa. Mata na zuwa har garin kasuwa da hatsi bisa kai. Ya kamata mu sayi inji." Bayan kaka, sai ɗayan ya saida wakensa, ya sayo inji shi kaɗai. Mai shawara na zaune gida, sai ya ji ƙarar inji. To, an cuce shi?

Abin da doka ta ce

Doka ba ta tsare shawarar baki. Niƙa sana'ar kowa ce. Abin da ake tsarewa shi ne sabon abu da mutum ya ƙirƙiro, ko tambarin haja, in an yi musu rajista. Ma'aikatar da ke wannan aiki sunanta OAPI. Tana Yawunde, ƙasar Kamaru, kuma Nijar na cikinta. Saboda haka, in hira ce kawai, mai shawara ba ya da abin riƙewa gaban alƙali.

Amma in ya zuba kuɗi, ko ya ba da fili, ko ya yi aiki bisa alkawarin raba riba, magana ta sake. Akwai dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da ƙasashen Afirka suka kafa a 1993, har da Nijar. Dokar ta yarda alƙali ya ɗauki mutum biyu abokan tarayya ko babu takarda, in an shaida suna aiki tare kamar masu tarayya. A lura, tarayya ba riba kaɗai ba ce. In an ci bashi, mai kuɗi na iya bin kowane cikinsu kuɗinsa duka.

Abin da amana ta ce

Ba duk abin da doka ta ƙyale ne ke da kyau ba. Wanda ya ɓoye ma abokinsa, jama'a za su ce ya ci amana. Mai sana'a kuwa da jama'a yake ci.

Kafin ka soma, je ka sami abokinka. Ka ce masa: "Maganar nan da muka yi, zan soma. Kana ciki?" In ya ce a'a, to, ka fita hakkinsa. In ya ce yana ciki, ku rubuta takarda:

1. Abin da kowa ya zuba. Misali, wane jika 300, wane jika 200.
2. Yadda za a raba riba da hasara.
3. Wanda zai riƙe kuɗi da littafin lissafi.
4. Yadda za a yi in guda ya fita, ko ya rasu.

Ku sa hannu gaban mai gari da shaidu biyu. Kowa ya ajiye tasa. Takarda ba rashin yarda ba ce. Baki na mantuwa, takarda ba ta mantuwa.