Kafaffe da Mai Lilo a Gaban Taguwar Teku

A unguwarmu ta Briqueterie, da an ɗauke wuta kekunan ɗinki suka tsaya, sai hira ta koma kan lantarki. Galibin namu daga kogin Sanaga yake zuwa, ta madatsun Edea da Song Loulou da Nachtigal. Wata rana wani tela ya tambaye ni: "Malam, manyan fankokin nan da Turawa ke kafawa cikin teku, ruwa ba ya cinye su?"

Fankokin nan masu samar da lantarki daga iska iri biyu ne. Akwai kafaffe, wanda ake soka ƙaton bututun ƙarfe a ƙasan teku a ɗora injin a kansa. Akwai kuma mai lilo, wanda ke bisa ruwa, ɗaure da sarƙoƙi da anga.

Kafaffe da ƙirji yake tarar taguwa. Ba ya gocewa, don haka duk dukan a gindinsa yake sauka, kuma idan zurfi ya haura kamar mita 60, kuɗin kafa shi ya fi ƙarfin riba. Mai lilo kuwa bin ruwan yake yi, ya karkata ya dawo. Sai dai karkatar da ba ta taka kara ta karya ba a ƙasa, babban jijjiga ce a ƙololuwa, inda injin da farfela suke. Sarƙa ma tana saki, sannan ta fizgu farat ɗaya, ƙarfe ya riƙa gajiya a ɓoye. Nan ne hankalina bai kwanta ba.

Duk da haka mai lilo ya nuna jarumta. Injina 5 na Hywind, a gabar Peterhead ta Sikotilan, sun jure guguwar Caroline a Disambar 2017, da taguwa sama da mita 8. Uku na WindFloat Atlantic a Fotugal sun ga ta mita 20 a 2023, suka tsira. Amma ranar 1 ga Janairun 1995 an auna taguwa guda mai kusan mita 26 a dandalin Draupner da ke cikin teku, wadda ta fi waɗannan duka.

Wajen gyara, kafaffe jirgi ke zuwa ya same shi. Na Hywind kuwa sai da aka ja su har Norwe a 2024.

A ruwa marar zurfi kafaffe zan zaɓa. Inda teku ya yi zurfi, mai lilo ne kaɗai ke zuwa, kuma sarƙarsa zan fara dubawa kafin farfelarsa.