Kiwon Ɓeraye Domin Ciyar Da Macizan Da Ake Tatsar Dafinsu

'Yan'uwa manoma, kowanenmu ya san ɓera ɓarawon rumbu ne, maciji kuwa abokin gaba ne a cikin kunya. Saboda haka in aka ce akwai mutanen da sana'arsu ke nan su yi kiwon ɓeraye, su yi musu shimfiɗa, su auna musu abinci, domin a ba macizai su ci, sai a ɗauka zancen wasa ne. Ba wasa ba ne. Allurar da ake yi wa wanda kububuwa ta sara a asibitin Kaltungo, in aka bi sawunta baya, a bakin akwatin ɓera za a tsaya.

Ga yadda abin yake. Maganin dafin maciji da dafin kansa ake yin sa. Akan kama macijin da rai, a ajiye shi, a riƙa tatsar dafinsa loto-loto. Sa'an nan a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurar dafin kaɗan-kaɗan, har jinin dabbar ya koyi yaƙi da shi. Daga cikin jinin nan ake tace maganin. Magungunan nan biyu da ake kira EchiTAb ta haka aka same su. An kwashi macizai daga Nijeriya aka kai makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, a Ingila, aka tatse su a can. Ɗaya maganin, EchiTAb-G, da jinin tumaki aka yi shi a Birtaniya, domin saran kububuwa. Ɗayan kuma, EchiTAb-Plus, da jinin dawaki aka yi shi a Kosta Rika, domin kububuwa da kasa da kumurci. An gwada su duka biyu a kan mutum 400 a Kaltungo, aka fid da sakamakon a 2010. To, macijin da za a tatsa shekara da shekaru lalle sai ya ci, ya zauna lafiya. Ba ya cin dusa, ba ya cin ciyawa. Abincinsa a wurin ajiya ɓera ne.

Ba masu haɗa magani kaɗai ke bukatar ɓeran ba. Akwai gidajen ajiye namun daji. Akwai kuma mutane masu yawa a Amurka da Turai da ke ajiye maciji marar dafi a ɗaka don sha'awa, musamman wata ƙaramar mesa mai dunƙulewa in ta tsorata, wadda aka daɗe ana fitarwa daga Gana da Togo da Benin. A ƙasashen nan kiwon ɓeran abincin maciji ciniki ne sosai.

Tambayar da manomi zai fara yi ita ce, don me za a sha wahalar kiwo, ga ɓeraye nan birjik a rumbu da gona, kyauta? A nan ne maganar take, sai ku ba ni hankalinku.

Maciji ba ya taunawa, ba ya kuma ware hanji ya yar. Haɗiye ɓeran yake yi ɗungum, da gashi da ƙashi da abin da ke cikinsa. Ƙashin ne ke gina masa nasa ƙashin, hanta da kayan ciki su ke ba shi sauran abin da jiki ke so. Amma duk mugun abin da ɓeran ya ɗauko, shi ma tare ake haɗiye shi. Ɗauki misalin maganin ɓera da muke zubawa a ɗakin hatsi. Yawancin na kanti ba sa kashewa nan take. Hana jini daskarewa suke yi, ɓeran ya yi kwana 3 zuwa 5 yana yawo da guba a jikinsa, yana tafiya a sanyaye. Wannan shi ne ɓeran da yaro zai kama da sauƙi. Watau wanda ya fi saukin kamu shi ne ya fi zama abin tuhuma. Ban da guba, ɓeran daji yana ɗauke da tsutsar ciki da ƙuma da kaska.

Wannan hasarar maciji ce. Akwai wadda ta fi ta, wato ta mutum. A cikin gidajenmu da gonakinmu akwai wani ɓera mai laushin gashi, macensa tana da nonuwa da yawa, har sukan kai 24, tana kuwa iya haifar 'ya'ya fiye da 10 a ciki guda. Shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa. Cutar ta sami sunanta daga garin Lassa na Jihar Borno, inda wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin mishan ta kamu a farkon 1969. Aka kai ta Jos, ta rasu a can, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi jinyarta ita ma ta rasu. Bayan ɓarkewar cutar a Saliyo a 1972 ne masu bincike suka gano ƙwayar a jikin wannan ɓera. Abin lura shi ne, shi ɓeran ba ya ciwo. Yana nan garau, idonsa tar, amma yana zub da ƙwayar cikin fitsarinsa da kashinsa. Ba mai iya gane mai ɗauke da ita da ido.

Na tsaya a kan wannan ne domin wani dalili. Masu kiwon ƙaramar mesa a Amurka suna yabon irin wannan ɓera ƙwarai, gama shi ne abincin mesar a daji, ga shi da yawan haihuwa. Saurayin da ya ga yabon nan a intanet yana iya cewa, ai ga shi nan a bayan ɗakinmu, bari in kama in tara. Kada a yi. Nasu an yi zuriya bayan zuriya ana haifarsu a akwati. Namu na bayan ɗaki ba wanda ya gwada jininsa. Tara su a ɗaki guda, ana share fitsarinsu kullum, gayyato zazzaɓin Lassa ne har gida. Gafiya ma haka. A 2003 wani kayan dabbobi da aka kai Amurka daga Gana, har da gafiyoyi a ciki, ya kai musu ƙyandar biri, mutum 47 suka kamu, ƙasar ta hana shigo da ɓerayen Afirka.

Saboda haka kiwo na gaskiya daga zaɓen iri yake farawa. Irin da ake amfani da shi su ne fararen ɓerayen nan masu jan ido na ɗakin bincike. Iri biyu ne: ƙarami, wanda babbansa ba ya wuce giram 25 zuwa 40, da babba, wanda yakan kai giram 250 zuwa 500. Jami'o'i da cibiyoyin bincike irin ta Vom sukan yi kiwonsu domin aikinsu, kuma a irin wuraren nan ya kamata a nemi iri, ba a kasuwa ba. In za ka zaɓa, ɗauki matashi mai mako 6 zuwa 8. Duba gashinsa ya kwanta sumul, idonsa ba kwantsa, ƙarƙashin wutsiyarsa ba alamar zawo. Kasa kunne kuma. In kana jin atishawa ko ƙarar numfashi a cikin akwati, bar akwatin duka, ba wanda ke yin ƙarar kaɗai ba. Sabon iri a ware shi a wani ɗaki kamar mako 4 kafin a haɗa shi da na gida, daidai kamar yadda muke faɗa a kan sabbin kaji.

Wurin kwanansu akwati ne na roba mai kauri ko na ƙarfe, da murfin ragar waya. Katako ba ya yi, gama haƙoran ɓera ba sa daina tsiro, kullum yana neman abin gaigaya, katako kuma yana shan fitsari. Idon ragar kada ya kai faɗin fensir, domin ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta ramin da bai wuce milimita 6 ba. Wannan ƙa'ida ba don hana na ciki fita kaɗai ba ce. Ɗakin kansa sai a toshe shi yadda ɓeran gida ba zai shiga ba, gama ƙanshin abinci zai jawo shi, in kuwa ya yi fitsari a kan buhun abinci, duk wahalar zaɓen iri ta tashi a banza. Ko a Amurka an ga haka. A 2012 an sami wata cutar da ɓerayen gida ke yaɗawa a wani gidan kiwon ɓeraye a jihar Indiyana, ma'aikata suka kamu, aka hallaka dabbobin.

Shimfiɗa a yi ta da ɓawon katakon da ke fita daga kankarar kafinta, ko buntun shinkafa busasshe, ko daƙaƙƙiyar totuwar masara. Garin katako mai laushi yana shiga musu hanci. A sake shimfiɗar sau ɗaya ko biyu a mako. In ka shiga ɗakin warin fitsari ya yi maka yaji a ido, ka san huhunsu ya riga ya fara ci.

Babbar matsalarmu a nan ita ce zafi. Ɓerayen nan sun fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 26. Da zarar ya haura 30 haihuwa ta ragu, in ya matsa sai mutuwa. Ɗakin kwano marar rufin ciki a watan Maris ko Afrilu tanda ce. Ɗakin ƙasa mai jinka, a inuwa, da tagogi masu raga a gefe biyu, ya fi. A kan tudun Jos abin da sauƙi. A kwarin Binuwai ko wajen Yola kuwa, wannan kaɗai ya isa ya karya kiwon.

Abinci: ƙaramin ɓera yana cin giram 3 zuwa 5 a yini. Masu shayarwa suna bukatar abinci mai gina jiki, kamar kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Masara ko dawa zalla ba ta kai wannan ba, sai an haɗa da soyayyen waken soya ko ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, da dusa, da ɗan garin ƙashi. Hatsin da ya yi fumfuna kada a ba su, musamman gyaɗa da masara, gama dafin fumfuna hanta yake ci. Ruwa kada ya yanke ko na yini guda. A sa shi a kwalba mai bututu, domin kasko yakan cika da shimfiɗa, 'ya'ya kuma su faɗa ciki. Uwar da ta rasa ruwa, ko abincinta ya gaza, ko aka dame ta da yawan leƙe a kwanakin farko, takan cinye 'ya'yanta.

Namiji ɗaya ya ishi mata 2 ko 3. Maza biyu manya kada a haɗa su, faɗa za su yi ta yi. Ciki kwana 19 zuwa 21 ne ga ƙaramin iri, 21 zuwa 23 ga babba. Uwa takan haifi 6 zuwa 12, jajaye, ba gashi, ido a rufe. Wajen kwana 14 ido ya buɗe, a kwana 21 a yaye su, a raba maza da mata nan da nan. Macen tana iya ɗaukar wani cikin a ranar da ta haihu. Masu gaggawa sukan bar ta haka, amma ni a ganina gara a cire namijin ta huta, domin uwar da ke shayarwa da ciki a lokaci guda 'ya'yanta kan fito ƙanana. Bayan wata 6 zuwa 8 tana haihuwa sai yawan 'ya'yan ya ragu, a maye ta da 'yar wata uwa mai kyawun reno. A riƙa rubuta ranar haihuwa da yawan 'ya'ya a jikin kowane akwati, don haka ne ake sanin uwar da za a riƙe zuriyarta.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce gida yana da manyan macizai 100, kowane yana cin ɓera ɗaya a mako biyu. Ana neman ɓera 200 ke nan a wata. In kowace uwa tana yaye 8 a wata, iyaye 25 sun isa, a ƙara kaɗan saboda hasara. Aikin bai fi ƙarfin ɗaki guda da mutum guda ba. Wuyarsa ita ce girma-girma, gama ɗan maciji sai jaririn ɓera, babba kuma sai babba. Ƙa'idar masu kiwo ita ce kaurin ɓeran kada ya wuce kaurin macijin a inda ya fi kauri. In ya wuce, macijin yakan amayar da shi.

Ba a jefa wa maciji ɓera mai rai. Ɓeran da aka kulle da macijin da ba ya jin yunwa yakan juya ya cije shi, har ya gaigaye masa baya ko ya tsone masa ido. Ga kuma azabar da ake ba ɓeran ba dalili. Akan kashe shi da sauri, da iskar kabon a cikin akwati rufaffe, ko wanda aka koya wa ya karya masa wuya lokaci guda. Sa'an nan a ba macijin da dogon hantsaki, ko a daskarar a firiza. Wanda aka daskarar sai ya narke sarai har ciki kafin a bayar, ba a kuma mai da shi firiza in macijin ya ƙi. Sanyi ba ya kashe ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, an kuwa sha samun mutane sun kamu da ita a Amurka da Ingila ta hanyar daskararrun ɓeraye. Don haka firizar ɓera dabam, ta abincin iyali dabam, a kuma wanke hannu da sabulu bayan kowane aiki. Mace mai ciki da ƙananan yara kada su shiga ɗakin.

Saura maganar ko ƙungiyar gama kai za ta iya shiga wannan kiwo. Kasuwarsa a wajenmu ƙarama ce: gidajen namun daji kamar na Jos da Kano, da ɗakunan binciken jami'o'i, da yawansu kuwa suna kiwon nasu. Ɓeran da ba a sayar ba ba ya shiga tukunya kamar zomo, ci kawai zai yi ta yi yana haihuwa. Ƙungiyar da ke da sha'awa ta fara aika mutum biyu su sami mai saye, su ji irin da yake so da girman da yake so da yawan da zai ɗauka a wata, a rubuta, su kuma nemi shawarar likitan dabbobi na yankinsu kafin a sayi akwati ko ɗaya. Ajiye macijin kansa kuwa ba aikin ƙungiya ba ne. Masu tatsar dafi horarru ne, kuma ba sa buɗe akwatin kububuwa sai da allurar maganinta a kusa.