BAYANI: Abin da kukan tsohuwar kwamfuta ke nufi idan ta ƙi tashi

An danna makunni, fitila ta kama, fanka ta juya, amma fuskar kwamfutar ta tsaya baƙi ƙirin, sai wani siririn kuka da ke fita daga cikinta yana maimaita kansa. Ga ɗalibin da kundin digirinsa ke ciki, ko matashin da ya shafe watanni yana tattara takardun kasafin kuɗin jiharsa, wannan kuka ya isa ya tsinka zuciya.

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun matasa a Najeriya na-hannu ne, waɗanda aka gama moriyarsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso Computer Village a Ikeja, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, maye gurbin wadda ta mutu ya fi ƙarfin mutane da dama. Shi ya sa ya dace a sani cewa kwamfutar da ke kuka ba ta mutu ba tukuna. Ƙorafi take yi, kuma ƙorafin yana da ma'ana.

Da zarar an kunna kwamfuta, kafin Windows ta buɗe, wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin babban allon ciki, wato madabod, ita ke fara aiki. Sunanta BIOS. Takan bi sassan injin ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar suna amsawa: furosesa, da ma'adanar wucin-gadi da ake kira ram, da sashen hoto, da madannai. Idan ta ci karo da matsala tun kafin fuska ta kama, ba ta da wurin rubuta saƙo, sai ta koma ga 'yar ƙaramar lasifika. Tsarin ya samo asali tun daga kwamfutar IBM ta 1981.

Aikin farko shi ne ƙirga. Sau nawa kukan ke fita kafin ya ɗan tsaya ya sake? Gajere ne ko dogo? Ya fi kyau a naɗe shi da waya a saurara a natse, domin mai ruɗewa yakan ji biyar a inda huɗu ne. Sai a duba sunan kamfani da lambar samfurin a ƙarƙashin kwamfutar, saboda kowane kamfani da nasa yaren.

A tsofaffin Dell Inspiron, irin su N5010 da N5110 da suka cika kasuwanni, kuka biyu na nufin ba a ga ram ba, huɗu kuma an gan ta amma ta ƙi karantuwa. Biyar na nuna batirin agogon ciki, shida sashen hoto, bakwai furosesa, takwas kuma fuskar kanta. Ɗaya da uku sun fi muni, don madabod suke nunawa. A tsofaffin ThinkPad na Lenovo kuwa, kuka ɗaya, sai uku, sai uku, sai ɗaya, alamar ram ce. Yawancin HP na wancan zamani da fitilar Caps Lock suke magana: ƙiftawa uku ram, huɗu sashen hoto, biyar madabod. A lura da kyau: biyar a Dell abu ne mai sauƙi, biyar a HP babbar magana ce. Wanda ya karanta jadawalin wani kamfani a kan injin wani, zai sayi abin da ba ya buƙata.

Kafin a ɗauko sukundireba, akwai abubuwan da ba sa cin ko kwabo. A zare caja, a cire batir idan mai fita ne, a cire duk wani filashi ko linzami da aka maƙala, sannan a danne makunni na kimanin daƙiƙa 30 don sauran wutar da ta maƙale ta zube. A mayar da caja kaɗai a gwada. Idan kukan ba ya yankewa ko kaɗan, a bi madannai da yatsa, domin maɓalli guda da ya manne saboda shayi ko ƙura kan haddasa hakan.

Daga nan sai ram, wadda ita ce ta fi yawan laifi, kuma ita ce mafi sauƙin gyara. A yawancin tsofaffin injuna tana ƙarƙashin wani ɗan murfi mai noti ɗaya ko biyu a bayan kwamfutar. Shekaru na zafi da sanyi da girgizar babur kan sa ta ɗan goce daga mazauninta, ƙura kuma ta shiga tsakaninta da haƙoran da ke riƙe ta. Bayan an raba injin da wuta, sai a taɓa wani ƙarfe don sauke lantarkin da ke jiki, musamman a lokacin hunturu da iska ke bushewa, tartsatsin da mutum ba ya ma ji ya isa ya ƙona ta. A buɗa 'yan ƙarafan gefe biyu, za ta ɗago da kanta, a zare ta ta gefe ba tare da taɓa zinaren bakinta ba. A goge zinaren a hankali da roba mai share fensir, a kakkaɓe, a mayar da ita a karkace har ta shige sosai, sannan a danna ta ƙasa sai an ji ta kama.

Idan guda biyu ne, a gwada su ɗaya-ɗaya, kowace a kowane gurbi. Da haka ake gane ko ram ɗin ce ta lalace ko gurbin. Mai sayen sabuwa kuma ya kula: DDR3 da DDR3L kamarsu ɗaya kuma gurbi ɗaya suke shiga, amma ta farko na aiki da bolt 1.5, ta biyu da 1.35, kuma akwai injunan da ba sa tashi sai da ta biyun. Mutane da yawa sun ƙara ram don neman sauri, suka sayo wa kansu kuka.

Batirin agogo ɗan ƙarami ne mai faɗin kwabo, galibi CR2032 mai bolt 3. Alamar mutuwarsa kan fara tun da wuri, inda kwanan wata ke komawa baya duk lokacin da aka kunna. Arha gare shi, wahalar dai a wasu injuna sai an kwance kusan komai kafin a kai gare shi.

Don rarrabe matsalar fuska da ta sashen hoto, a haɗa kwamfutar da talabijin ta wayar HDMI ko VGA. Idan hoto ya fito a can, injin lafiya lau yake, fuska ce ko wayarta. A Dell da dama, danne maɓallin D yayin kunnawa kan sa fuskar ta nuna launuka da kanta idan tana da rai.

Sashen hoto shi ne inda ake yawan yaudarar mai kaya. A 2008 kamfanin Nvidia ya amince cewa wasu sassansa da ke cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna lalacewa saboda zafi, ya kuma ware kusan dala miliyan 200 don biyan asarar. Injunan HP da Dell da Apple duk abin ya shafa. Tun daga lokacin wasu masu gyara suka saba da gasa sashen da bindigar zafi. Kwamfutar kan tashi, a biya kuɗi, bayan makonni ko watanni ta koma gidan jiya. Gasawar na da amfani idan manufa ita ce a samu damar kwashe takardu. Wanda ya sayar da ita a matsayin gyara na dindindin bai faɗi gaskiya ba.

Takardun kuwa, a mafi yawan lokuta suna nan daram. Kukan BIOS na faruwa ne kafin a kai ga rumbun ajiya, don haka lalacewar ram ko madabod ba ta share abin da ke ciki. Ana iya cire rumbun a saka shi cikin ɗan akwati mai wayar USB, a buɗe shi a wata kwamfutar. Idan an kulle shi da BitLocker, za a nemi mabuɗi mai lambobi 48, wanda sau da yawa yake ajiye a asusun Microsoft na mai injin.

Wannan sauƙin buɗewa shi ne kuma hatsarin. Kalmar sirrin Windows ba ta hana mai riƙe da rumbun da ba a kulle ba ganin hotuna, da lambobin majiyoyi, da sunayen mambobin ƙungiya. Najeriya na da dokar kare bayanan sirri tun watan Yunin 2023, amma abin da ya riga ya fita, doka ba ta dawo da shi. Mai gyara ba ya buƙatar rumbun ajiya don gano dalilin kuka, domin gwajin BIOS na gudana ko babu shi. A cire shi a bar shi a gida. Idan manne yake da madabod ko mutum ba zai iya cirewa ba, ya zauna a shagon a yi aikin a gabansa.