Kusheyin Durɓawa: Abin da Ƙasa Ta Ajiye Mana

In baƙo ya zo Katsina, mukan kai shi ya ga Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon wajen ƙafa 50. Bisa ga labarin da muka gada, an gina ta a zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina na farko da ya karɓi Musulunci. To, kafin Korau fa? Magabata sun ce Durɓawa ne ke sarauta, tun daga Kumayau har zuwa Sanau. Ba su bar mana littafi ba. Kaburbura suka bari.

Wajen mil 20 gabas da Katsina, a ƙasar Mani, akwai waɗansu tudduna da ake kira Durɓi ta Kusheyi, watau kaburburan Durɓi. Wanda bai sani ba sai ya ce tudu ne kurum. Ashe hannu ne ya tara ƙasar, a tsakiyar kowanne kuwa an binne mutum guda da kayansa.

A 1907 Bature Palmer ya fara tono a wurin, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake buɗe uku. Aka ɗauko abin da ke ciki haɗe da ƙasarsa, a 2007 aka kai birnin Mainz na Jamus domin gwanaye su tsabtace su bincika, a 2014 kuma aka komo da kayan Nijeriya. An sami 'yan kunne na zinariya, da mundaye, da duwatsun wuya, da wuri, da wata tasa da aka ƙera can Gabas ta Tsakiya. Bincike ya nuna an yi bison nan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Ku duba fa: wuri daga teku yake fitowa, tasa kuwa ta ƙetare Sahara. Ashe tun a wancan zamani fatake sun haɗa Katsina da ƙasashe masu nisa.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan gado ba. A ƙasar Italiya, kafin Romawa su yi ƙarfi, an yi wata al'umma mai suna Eturuskawa. Su ma tudduna suka yi wa matattunsu, kamar na garin Cerveteri, suka sassaƙa ɗakuna a cikin dutse kamar gidan mai rai. A 1836 aka buɗe wani wanda ɓarayi ba su taɓa ba, aka tarar da kayan ado na zinariya. Littattafansu sun ɓace, yawancin abin da aka sani game da su daga kabari ya fito.

Darasin ke nan, ya ku masu karatu. Mu ba mu binne mamaci da dukiya, gama begenmu ba a cikinta yake ba. Amma wanda ya tona tsohon kabari da dare don ya sayar da kayan, ya ci mutuncin mamaci, ya kuma shafe labarin da ba mai iya sake rubutawa. In garma ta tono tsohuwar tukunya a gona, mu bar ta inda take, mu sanar da mai gari da ma'aikatan gidan tarihi. Ran da muka kai yara Gobarau kuwa, mu ba su labarin Durɓawa.