Zafin da Allon Akori-Kura Ba Ya Nunawa

Daga watan Janairu zuwa Afrilu, duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kumbotso ya nufi Kura zai yi ta cin karo da akori-kura suna fitowa daga gonaki, bayansu ya kusa jan ƙasa saboda kwandunan tumatir, wasu sun nufi Kwanar Gafan, wasu kasuwar 'Yan Kaba. Ruwan da ya haifar da wannan lodi daga Tiga yake gangarowa, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya shiga aikin noman rani na Kadawa wanda aka tsara zai shayar da kimanin hekta 22,000 a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Shi ruwa an gina masa hanyarsa. Amfanin gona kuwa, kafin ya hau kwalta sai ya bi burji da gefen kanal, ya ratsa yashi, ya tsallake inda ruwa ya ɓalle ya yi taɓo. Kuma ƙarshen wannan jigila yana zuwa daidai lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40 da rana tsaka.

A da, motar wannan aiki Peugeot 504 ce da ake harhaɗawa a Kaduna, mai giyar hannu. Har gobe masu giyar hannu na da yawa a fagen, kuma maganar da za mu yi ba ta shafe su sosai ba. Amma cikin shekarun nan Hilux da Tacoma da Frontier masu giyar otomatik, akasarinsu tsofaffi da aka shigo da su, sun shiga gonaki. Da su ne aka fara jin wani kuka a gareji: mota tana tafiya lafiya ƙalau, injin bai yi zafi ba, kawai sai giya ta fara jinkirin shiga, bayan 'yan kwanaki ta daina ja. A kwance a tarar man ya koma baƙi yana warin ƙuna, faibar cikin giyar ta cinye. Mai mota ya ce bakanike ne, bakanike ya ce direba ne, direba ya rantse shi agogo bai nuna masa komai ba. Kuma gaskiya ya faɗa. Agogon zafi da ke jikin allon mota ruwan injin yake aunawa, ba shi da labarin man giya.

Tsakanin injin da giyar otomatik babu kuloci irin wanda ake takawa. Akwai wani dunƙulen ƙarfe cike da mai da ake kira konbata. A ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, a kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. Haka konbata ke aiki, sai dai mai ne a madadin iska. Ɓangaren injin yana watsa mai, man yana tura ɓangaren giya. Muddin ɓangaren injin ya fi na giya gudu, ƙarfin da ya ɓace a tsakani ba ya zuwa ko'ina, zafi yake komawa a cikin man. A kan kwalta, idan mota ta miƙe da gudu daidai, akwai wani faifai da ke kulle ɓangarorin biyu su juya tare, zafi ya ragu. A gefen kanal kuwa, inda ake rarrafe da lodi ana taka totur ana saki, wannan kullewa ba ta faruwa. Mafi muni shi ne mota ta kafe a yashi, direba ya yi ta jefa ta gaba da baya yana ba ta wuta. Cikin 'yan mintuna man kan tashi fiye da yadda zai tashi a tafiyar Kano zuwa Zariya baki ɗaya.

Man giyar otomatik ya fi son ya yi aiki tsakanin digiri 80 zuwa 95. Da ya wuce 105 ya daɗe a can, sai ya fara lalacewa da sauri. Masu aikin giya sun daɗe suna aiki da ƙiyasin cewa kowane ƙarin digiri 10 ko 11 yana rage rabin kwanan man. Wajen 120 yake fara barin danƙo a cikin ƙananan hanyoyin da yake bi, gaba kaɗan robobin da ke riƙe matsin mai su taurare, matsi ya ragu, faiba ta fara zamewa, zamewar kuma ta ƙara zafi. Wasu motocin Toyota suna da fitilar gargaɗin zafin man giya, amma a yawancinsu sai man ya kusa 150 take kamawa. Fitilar tana ceton giya daga mutuwar nan take, amma ba ta faɗa wa kowa cewa an yi wata guda ana dafa man a 115 ba.

Abin da ke cike wannan giɓi kaya ne guda biyu: agogo mai girman bakin kofin shayi da ake kafawa kusa da sitiyari, da sensa mai girman ɗan yatsa da ake ɗaurawa inda za ta taɓa mai. A cikin kan sensar akwai wani ɗan sinadari da ke ƙara barin wuta ta wuce gwargwadon yadda ya ɗumama, agogon kuma yana fassara wannan zuwa lamba. Shi ya sa dole a sayi agogo da sensarsa tare. Idan aka haɗa sensar wani kamfani da agogon wani, allura za ta motsa, amma ƙarya za ta riƙa faɗi. Wanda zai saya a kasuwar Ƙofar Ruwa ya duba abu ɗaya tun kafin ya biya: ma'aunin da aka rubuta a fuskar agogon. Masu fitowa daga kasuwar Amurka da harafin F suke, kuma 180 a wurinsu shi ne 82 a namu, 220 shi ne 104, 250 kuma 121. Direban da bai san wannan ba zai ga 190 hankalinsa ya tashi a banza, daga baya ya daina kallon agogon gaba ɗaya. Akwai gwaji mai sauƙi kafin a ɗaura: a haɗa wayoyin a kan batir, a tsoma kan sensar cikin ruwa yana tafasa. A tudun Kano ruwa yana tafasa ne wajen digiri 98, don haka agogon da ya nuna 85 ko 110 a mayar wa mai shi.

Inda ake samun saɓani tsakanin makanikai shi ne wurin da za a sa sensar, kuma saɓanin yana da tushe, domin man giya ba zafi ɗaya gare shi a ko'ina ba. Yana barin konbata da zafinsa mafi tsanani, ya bi bututu zuwa lagireto ya huce, ya dawo ya shafe ƙarafa, ya taru a kwanon da ke ƙasan giya, daga nan famfo ya sake ɗibarsa.

Wanda ya sa sensa a kwanon ƙasa yana auna man da famfo ke kai wa faiba, wato ainihin halin da giyar ke ciki. Allurar ba ta tsalle, a hankali take hawa, a hankali take sauka, kuma lambobin da muka ambata a sama sun fi dacewa da wannan wurin. Aikin kuwa yana son haƙuri. Sai an juye mai an kwance kwanon gaba ɗaya, a huda shi a gefe, a sa mai walda ya liƙa noti mai zare irin na sensar, a wanke tas, a mayar da sabon gasket. A gefe na ce, ba a ƙasa ba, domin sensar da ta leƙo ta ƙasa dutsen farko a hanyar gona zai fille ta, mai ya tsiyaye direba bai sani ba. A kuma auna kafin a huda, kada kan sensar ya tokare matatar mai a ciki. Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne huda kwanon yana jikin mota don gudun wahala. Garin ƙarfen da ya faɗa ciki ba ya fita, bawul-bawul na giya zai je ya maƙale.

Wanda ya sa ta a bututun da ke fita zuwa lagireto kuwa yana ganin zafi tun yana tasowa. Lambar ta fi ta kwano, sau da yawa da digiri 10 zuwa 20, kuma tana tashi nan take da an kafe a yashi ko an hau gangare da kaya. Ana yanka tiyon a sa mahaɗa mai baki uku, wadda raminta bai fi na bututun ƙanƙanta ba, don kada a shaƙe man a garin auna shi. Gane bututun fita ba wuya: a tayar da mota da safe tana sanyi, a taɓa bututun biyu, wanda ya riga ɗumama shi ne. Akwai masu ɗaura sensa a ramin gwajin matsi da ke jikin giyar saboda ba a huda komai, sai dai man wurin ba ya gudana sosai, zafin ƙarfe kawai ake gani, kuma a makare.

A nawa ganin, motar da ke shiga gona ta fi buƙatar sensa a bututun fita. Haɗarin da ke gabanta na mintuna goma ne a cikin yashi, kuma direba yana buƙatar abin da zai ce masa dakata a cikin mintunan nan, ba bayan komai ya ɗumama ba. Motar da aikinta doguwar hanya ce da kaya, daga injinan casar shinkafa na Kura zuwa wasu garuruwa, kwanon ƙasa ya wadatar da ita. Kowanne aka zaɓa, a faɗa wa direba inda sensar take, don ya san 110 a bututu lokacin hawa ba daidai yake da 110 a kwano ba.

Sauran aikin na mai wayarin ne. Wutar agogo ta fito daga layin da ke kamawa sai an murɗa makulli, da fis nata, don kada ta shanye batir da dare. Wayar sensa ta bi ta robar da sauran wayoyi ke ratsawa zuwa cikin mota, a ɗaure ta nesa da salansa. Sensa mai waya ɗaya ta jikin zarenta take samun ƙasa, saboda haka idan aka naɗe zaren da farin tef da yawa, ko aka ɗaura ta a mahaɗar da ke tsakanin tiyon roba biyu, allura ba za ta motsa ba sai an ja mata wayar ƙasa daban zuwa jikin mota. Bayan an gama a cika mai da irin wanda kamfani ya rubuta, ko Dexron ko T-IV ko WS, ba wanda ya fi araha ba, a duba geji injin yana aiki man ya ɗumama. Sannan a leƙa ƙasa a tabbatar babu yoyo, domin man giya da ya ɗiga kan salansa mai zafi yana kama wuta.

Wani zai ce motarsa ta zamani ce, me ya kai shi huda? Yana da hujja. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma da yawansu akwai sensar zafi a cikin giyar tun daga kamfani. 'Yar na'urar da ake soka wa soket ɗin tana iya aiko da lambar zuwa wayar hannu, in an dace da manhajar da ta san motar. Ga mai mota da ke tuƙa ta da kansa wannan ya isa. Ga motar da direbobi ke karɓa-karɓa, agogon da ke manne a gaban ido ya fi.

Da zarar agogo ya fara aiki, yakan tona wasu abubuwan da ba a tambaye shi ba. Man giya a cikin lagireto yake hucewa, ta wani bututu da ke nutse a ruwan injin. Lagireton da ƙaiƙayin shinkafa da ƙurar hunturu suka toshe masa fuska ba zai sanyaya ko ɗaya ba. Wanda kuma ake ɗura wa ruwan rijiya ko na kanal shekara da shekaru, tsatsa takan huda bututun nan, ruwa ya gauraya da mai ya koma ruwan hoda mai kauri, giya ta tafi ko da ba ta taɓa yin zafi ba. Idan an wanke lagireto an sa ruwan da ya dace amma lamba ta ƙi sauka, lokacin ƙara ƙaramin lagireto na man giya ne a gaban babban, man ya bi ta cikinsa kafin ya koma.

Ga direba, abin yi ba shi da yawa. A hanyar gona da kaya ya sauke giya zuwa 2 ko L, in motar mai jan ƙafa huɗu ce ya sa ta a ƙaramin gudu kafin ya shiga yashi, ba bayan ya kafe ba. Idan allura ta haura 110 a kwano ko ta tsaya sama da 120 a bututu, ya nemi wuri ya tsaya, ya sa P, ya bar injin yana aiki. Kashe mota a nan kuskure ne, domin famfo ya tsaya ke nan, man ya zauna da zafinsa a cikin konbata.

Tsayawar ce mai wuya, kuma ba a hannun direba kaɗai take ba. Tumatir ba ya jira, tirelar Legas tana lodi a Kwanar Gafan, waya tana ta ƙara: "Malam, kana ina ne? Kasuwa za ta tashi." Shi kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ni nan tafe," ya taka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa yana son sawu ɗaya ya ɗauke kayan sawu biyu. Hilux kuwa abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba: buhu goma na shanshera mai kilo 100, ko buhu ashirin na taki, har da nauyin mutanen da ke ciki. Mai motar da ya biya kuɗin agogo ya kamata ya zauna da direbansa tun ranar da aka ɗaura, su yanke lambar da in allura ta kai ta za a tsaya minti goma sha biyar ba tare da faɗa ko yanke kuɗin sallama ba, a kuma sa alamar jan fenti a kan gilashin agogon daidai wurin, yadda ko yaron mota ne ya karɓi sitiyari zai gane.